Bolum Ɗin da Na Ɓoye a Bayan Amfilifayar Yaya

Litinin, da hantsi

An sallamo Yaya daga asibiti. Da ƙafarsa ya shiga gida, ba wanda ya ɗauke shi. Na kama masa gwiwar hannu a bakin ƙofa, ya ture ni da kafaɗa, ya ce, "Sake ni, Dillali, ni ba buhun kaya ba ne." Maganar ta fito a hankali, kamar sai ya tauna kowace kalma kafin ya sake ta, amma faɗa ne cikakke, irin wanda na saba sha tun ina ƙarami. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na yau ba. Alhamdu lillahi.

Zancen ranar da ya faɗi ba zan rubuta shi ba. Waɗanda suka ɗauko shi daga wurin wasa kowa ya ba ni labari da irin nasa gishirin. Na ji, ya isa.

Matar Yaya ta share falo har ƙarƙashin kujeru. Amfilifayarsa, akwatin da ke ɗaga muryar jitarsa, na kusurwa, inda abokan kiɗansa suka dire ta, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Jitar na jingine a bayan doguwar kujera. Ya wuce su duka biyun kamar bai san su ba. Na gani, ita ma ta gani. Sai ta ce, "Dillali, za ka sha shayi ko sai an roƙe ka?" Na ce, "Matarmu, yaushe kika taɓa roƙona?"

Talata, da azahar, a shago

Na buɗe. Gizo-gizo ya yi gida a tsakanin sifikoki, wayoyi sun cukurkuɗe kamar an yi musu faɗa. Mutanen layinmu sai zuwa suke, kowa da tasa sannu. Amsa ɗaya nake bayarwa: da sauƙi. Sannun ɗan kasuwa rabinta gaisuwa ce, rabi neman labarin da zai kai rumfa ta gaba. Na san su, ni ma haka nake.

Yaya ya ci abinci, in ji matarsa. Da kansa, ba a ba shi a baki ba.

Laraba, da yamma

Malamar gashi, mai motsa wa majinyata gaɓɓai, ta zo, wadda asibiti suka haɗa mu da ita. Gajeruwa ce, ba ta da wasa. Ta murza masa hannun hagu, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa su dunƙule da kansu. Ta ba shi ƙwallon roba, ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma.

Ya kalli ƙwallon, ya kalle ta. Ya ce, "Tun kafin a haife ki nake matsa wayoyin ƙarfe. Yau ƙwallon yara?"

Ta ce, "Baba, in da abin da ya fi shi, ka matsa. Ni dai a matsa."

Na raka ta bakin titi, na yi mata tambayar da ba a yi a gaban mai jiki. Ta ce ƙafa ta dawo, baki zai dawo, amma yatsu ba sa jira. In ba a sa su aiki a makonnin nan ba, za su saba da zama, su kafe haka nan. Ta tambayi sana'arsa, na faɗa mata. Ta ce, "To ai maganinsa na bayan kujera."

Da na koma, ƙwallon na ƙarƙashin teburi.

Alhamis, da yamma

Na yi wauta.

Ni mai sayar da tsofaffin kayan sauti ne, kuma gwajin kasuwa iri ɗaya ne: ka jona, ka sake wa abu murya har kwanon rumfa ya yi rawa, mai saye ya ji kayan na da ƙarfi. Hannuna ya saba, ba ya shawara da kaina. Na yaye zanen gadon nan, na jona jita, na kunna. Ko murɗa komai ban yi ba. Yaya ya daɗe da ɗiga wa kowane maɓalli alama da jan farcen matarsa, kuma ba mahalukin da ya isa ya gusar da su. A kan alamomin nan yake cika filin taro. Ni kuma na kaɗa wayoyin duka a cikin falo.

Ya toshe kunnen dama da hannun dama. Hannun hagu ya taso zai toshe ɗayan, bai kai ba.

Wannan nake ta gani tun ɗazu.

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta faɗa mini abin da ba zan rubuta ba, kuma ta yi daidai. Likita ya ce ƙara mai ƙarfi yanzu kamar ƙusa take a kansa. An faɗa mini, na ji, na manta.

Na yi maza na rage bolum har ƙasa, na sake kaɗawa. Abin da ya fito kamar sauro a cikin gwangwani. Tsohuwar amfilifaya ce mai kwalaben gilas a ciki, waɗanda ke yin ja in sun ɗau zafi. Ba ta waƙa sai an sake ta. In an danne ta, sai ta shaƙe.

Yaya ya ce, "Kashe."

Juma'a, da hantsi

Ban je ba. Na aika da lemo.

Asabar, da yamma

Yaya da kansa ya sa aka kira ni. Na shiga ina sunkuyar da kai, na shirya shan faɗa. Bai yi ba. Ya nuna kusurwa da haɓa, ya ce, "Ɗauke ta. Kai dillali ne, ka sayar."

Na ce, "Haba Yaya."

Ya ce, "In an sake ta, kaina. In an danne ta, kunnena. Me zan yi da ita?"

Na ce to ya riƙa taɓa jitar haka nan, ba wuta. Ya ce jita ba wuta katako ne da waya, shi ba kafinta ba ne.

Mutumin da ya taɓa hana ni gidansa don na ɗora kofin shayi a kanta, yau shi ke cewa a fitar da ita, ko muryarsa ba ta rawa. Da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Na ce to. Na nemo mota, ni da direba muka ɗauke ta kamar gawa. Matar Yaya ta biyo ni har waje, ta ce, "Wallahi in ka sayar da ita, kada ka ƙara tako gidan nan." Na ce, "Matarmu, kin taɓa ganin na sayar da abu ranar da aka ba ni?"

Litinin, da azahar

Na kai ta wurin Mai Dalma. Rumfarsa na ƙarshen layinmu, ƙarƙashin matakala, inda rediyoyi da amfilifayoyi ke zuwa jinya. Mun shekara muna faɗa da shi a kan wa ya fi cutar kwastoma, har yau ba a yanke hukunci ba.

Ya ce, "Wannan ta Yayanka ce. Ya sani?"

Na ce, "Ya ce in sayar."

"Kai kuma ka kawo ta asibiti. Me ke damunta?"

"Lafiyarta ƙalau. So nake ta yi raɗa da muryar da take ihu."

Ya yi dariya har ƙarfen liƙinsa ya kusa faɗuwa. Daga baya ya nutsu, ya yi mini bayani, zan rubuta yadda na fahimta. Cikinta ɗaki biyu ne. Na gaba shi ke dafa sauti, ya ba shi ɗanɗano. Na baya shi ke ɗaga shi ya wurga wa sifika. Bolum ɗin da ke fuskarta, in ka rage shi, wutar girki ka rage, shi ya sa sauti ke fitowa ɗanye. Abin da muke so a bar girki ya nuna, a rage wurgi.

Ya juya ta, ya nuna mini ramuka biyu a baya, ɗaya na fita, ɗaya na shiga. Lup suke ce masa. Nan makaɗa ke jona na'urar eko, mai sa sauti amsa-kuwwa, da makamantanta: sauti ya fita daga ɗakin gaba, ya zaga, ya dawo ya shiga na baya. Ya ce in muka dasa wani bolum a tsakanin ramukan nan, ya zama mai gadi a ƙofa, ba mai wucewa sai gwargwadon yadda ya buɗe. Maɓallan gaba kuwa suna nan a kan jan farcensu, ba wanda ya taɓa.

Wannan na ƙarshen ne ya saye ni.

Ya ce, "Amma ka sani, ba za ta daki ƙirji kamar da ba. Wannan sai da ƙara." Na ce ƙirjinmu ya sha duka isasshe a watan nan.

Talata, da yamma

An koma asibiti duba jiki. Likita ya ce komai na tafiya daidai, an rage masa magani ɗaya. A mota ya yi barci, kansa a kafaɗata. Ban motsa ba har gida. Alhamdu lillahi.

Hannun na kan cinyarsa, a dunƙule.

Laraba, da azahar

Mai Dalma ya haɗa ɗan akwati kamar gidan ashana, kawunan jonawa biyu da bolum ɗaya. Bolum ɗin ni na kawo daga buhun da ke ƙarƙashin teburina, na ce ba sai ya je nema ba. Muka jona a lup, muka murɗe shi har ƙarshe, na kaɗa jitar aro.

Mai sayar da batir na maƙwabta ya zubar da shayinsa. Matakala ta amsa. Wata mata da ke wucewa ta yi salati.

Na ce, "Ina mai gadin naka?"

Ya sosa ƙeya, ya ɗauko mita, ya yi ta tsikarin ramukan. Can ya ce, "Mai gadi na zaune a ƙofa, jama'a na bi ta katanga." Ashe lup iri biyu ne. Akwai wanda duk sautin ke fita ta cikinsa ya dawo. Akwai kuma irin na Yaya, wanda ke raba sauti biyu: kashi ɗaya ya zaga ta baya, ɗayan ya wuce ta cikin gida kai tsaye. Wancan na cikin gidan shi ke yi mana ihu. Sai an buɗe ta an toshe wannan hanya.

A buɗe ta. Tun da Yaya ya mallake ta, ba sukudireban da ya taɓa bayanta sai nasa.

Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Alhamis, da hantsi

Yaya ya tambaya ko an saya. Na ce ana tayi, ban sallama ba. Ya ce, "Kada ka tsaya jan rai." Na ce, "Yaya, kai ka san kiɗa, ni na san ciniki. Kowa ya tsaya a rumfarsa."

Malamar gashi ta ce manuniya da ta tsakiya suna ɗan amsawa, ƙananan biyun sun fara taurin kai. Ta kalle ni kamar ni na dunƙule su.

Na wuce wurin Mai Dalma, na ce ya buɗe.

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Ya zare ta daga wuta, ya ce in ja da baya. Na ce ai ba ta jone. Ya nuna mini wasu gwangwanaye a ciki, ya ce waɗannan suna ajiye wuta ko an cire waya, kuma ba sa tambayar sunan mutum. Ya sauke musu wutar a hankali, ya auna, ya sake aunawa, ya sa hannu ɗaya a aljihu ya yi aiki da ɗaya. Ni na tsaya can wajen rumfa a matsayin mai sa ido.

Bai yanke komai ba. Ƙafar wani ɗan ƙaramin abu ya narke wa dalma, ya ɗaga ta, ya sa mata riga. Ya ce, "In Yayanka ya tayar da bori, a mayar da ita yadda take, ko tabo ba zai gani ba." Na ce zai gani. Mutumin nan yana gane in an goge mata ƙura.

Muka gwada. Shiru. Na ɗan taɓa sabon bolum, taɓawa kawai, sai ta yi kururuwa. Na koma, shiru. Babu tsakiya. Tsakanin kabari da filin taro bai fi faɗin gashi ba.

Ya ciro bolum ɗin, ya duba harafin da ke bayansa, ya ce, "Wannan ka kawo mini?"

Na ce, "Duk ɗaya ne."

"Ka faɗa wa kwastoma, kada ka faɗa mini. Wannan da ma'auni yake hawa. Na sauti daban ne, a hankali yake hawa, yadda kunne ke ji."

Na rantse duk ɗaya ne. Na sake rantsewa. Daga nan na zaga layin baya na nemo irin wanda ya ce, na dawo ta wata hanya don kada mai batir ya gan ni.

Juma'a, da yamma

Yau Yaya bai fito daga ɗaki ba.

Asabar, da hantsi

Ya fito. Ya ci abinci. Ya yi wa matarsa ƙorafin gishiri, ta ce ta gode Allah da bakin ya dawo har ya fara aiki. Ba a faɗa mini me ya faru jiya ba, ban tambaya ba. Idanunta dai na gani.

Litinin, da azahar

Sabon bolum ya yi. Yanzu tana sauka a hankali har mutum ya yi magana a kanta. Matsalar, ni ba makaɗi ba ne, Mai Dalma kuma kunnensa ya sha hayaniyar kasuwa har ya ƙoshi. A wurinmu ta yi daɗi. Amma ba mu za mu saya ba.

Sai na tuna akwai wadda ta yi shekaru tana jin muryar nan ta bango, tana wanke-wanke, tana goyo, tana fushi. Na kira matar Yaya. Ta ce wa Yaya za ta cefane.

Ta zo ta tsaya a bakin rumfa, ta ƙi zama, tana kallon wayoyi kamar macizai. Na kaɗa ɗan abin da na iya.

Ta ce, "Dillali, kai dai Allah bai ba ka ba."

"Ba ni za ki saurara ba, Matarmu. Ita."

Ta rufe ido. Ta ce, "Jikin nata ne. Amma kamar an rufa mata bargo. Tasa tana da kaifi a baki, in ya ja waya sai ka ji kamar an yaga sabon yadi."

Mai Dalma ya ce, "Hajiya, ki zo in ba ki rumfa." Ya ce gaskiya ne, in aka rage bolum irin wannan, siririn sauti ne ke fara ɓacewa. Ya tono wani abu kamar ƙwayar wake, ya liƙa a ƙafafun bolum ɗin, ya ce wannan ƙaramar taga ce, siririn sauti kaɗai ke bi. Na farko ya yi yawa, ta ce yanzu kamar ana kankare tukunya. Ya canza ƙarami. Na sake kaɗawa.

Ba ta ce ta yi ba. Ta daɗe a tsaye. Sai ta ce, "Ku rufe ta haka," ta juya ta tafi. Sai da na bi ta da jakar cefanenta.

Muka ɗaure ɗan akwatin da sukurori a cikin bayanta, can ƙasa, inda ba a gani sai an juya ta an durƙusa.

Talata, da safe

Gyara ya ƙare, saura ciniki. In na ce masa, "Yaya, na sa an rage mata murya saboda kanka," zai ce na mayar da shi majinyaci har a kiɗa, ba zai taɓa ta ba. In na lallashe shi, ya fi ƙarfin lallashi. Amma abu ɗaya na koya a kasuwa: mai kaya zai iya cewa kayansa ya ishe shi, zai iya cewa a ɗauke, amma ba zai iya zama wani na kushe shi a gabansa ba. Ban taɓa ganin wanda ya iya ba.

Laraba, da la'asar

Na mayar da ita. Muka dire ta a tsakiyar falo, na zauna ina fifita da hula kamar wanda kasuwa ta wahalar.

Ya ce, "Me ya dawo da ita?"

Na ce, "An fasa. Mutumin ya gwada, ya ce muryarta ta mutu."

Ya ɗago kai. Ya ce, "Ya ce me?"

"Ya ce kwalaben sun gaji. Wai in ka ja sauti ba ta riƙewa, yankewa take. Ya ce sai dai a kai ta tasha a riƙa kiran fasinja."

"Wane jaki ne wannan?"

"Wani mai kiɗa ne, sabon tashi. Ni ma da na saurara, Yaya, gaskiya kamar..."

"Kai ka saurara? Kai? Da wane kunnen?"

Bakin da ke tauna magana, yau ko tuntuɓe bai yi ba. Ya matso da kujera, ya duba maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Duk suna kan jan farce. Ya ce, "Jona."

Matarsa ta ce, "Kanka fa."

Ya ce, "Jona, na ce."

Abin da ba zan manta ba: bai san an taɓa ta ba. Ya ɗauka ihun nan na ranar Alhamis ne zai sake dukansa. Na ga ya ɗage kafaɗu, ya runtse ido ɗaya, ya ɗora jitar a cinya duk da haka. Ya kaɗa da hannun dama.

Ta amsa. Cikakkiyar muryarta, da kaurin da kaifin, amma ba ta fi hirar mutum biyu ƙara ba. Agogon bango ma ana jinsa.

Ya buɗe ido. Ya kalli bolum ɗin gaba, yana kan alama. Ya kalle ni. Ya ce, "Ta rage ƙarfi."

Na ce, "Ai abin da mutumin ya faɗa ke nan. Kuma wai ba ta riƙe sauti."

"Ƙarya yake."

Ba a nuna riƙon sauti da waya a sake, sai an danna. Ya san haka, ni ma na sani. Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagu, ya ɗora shi a wuyan jita kamar mai ɗora jariri. Manuniya ta lalubi waya. Ya kaɗa, ta yi zizz. Ya sake, zizz. Gumi ya tsatsafo masa a goshi. Can yatsar ta zauna, sauti ɗaya ya fito, ya miƙe, ya yi ta tafiya, ya ƙi mutuwa.

Ya ce, "Je ka faɗa wa jakin."

Na ce zan faɗa masa. Matar Yaya ta ja ni kicin, wai in taya ta duba tukunya. Ba komai a kan wuta. Muka tsaya muna kallon murhu, muna jin zizz, zizz, can kuma sauti.

Alhamis, da hantsi

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na sayar wa wani sifika yau ban ko ja ciniki ba, har ya tsaya yana dubanta ko akwai matsala.

Juma'a, da yamma

An kama ni.

Na manta wanda nake wa wayo. Ya ce amfilifaya ba ta tsufa ta wannan hanya, in ƙarfi ya tafi daɗi ma tafiya yake. Ya sa matarsa ta juya masa ita, ya durƙusa da kansa, ya ga akwatin, ya ga sukurorin baya an taɓa su. Aka kira ni.

"Wa ya buɗe ta?"

"Mai Dalma."

"Wa ya sa shi?"

"Ni."

"Mai sayen fa?"

Na ce, "Yaya, kasuwa ce, mutane na zuwa suna tafiya."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kun taru kun yi mini dabara kamar yaro mai ƙin magani. Har da ke." Ta sunkuyar da kai. Ya ce a rufe ta. Aka mayar da zanen gado. Ya ce in tafi.

Na tafi. Mai Dalma ya ce in an shirya a kawo ya mayar da ƙafar nan. Na ce ya bari tukuna.

Asabar

Ba kira.

Lahadi, da yamma

Ba kira. Matarsa ta ce yana ci, yana barci, ba ya yi mata magana sai dole. Zanen na nan yadda yake.

Ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Talata, da la'asar

Malamar gashi ta kira ni da kanta. Ta ce, "Me Baba ke yi da yatsun nan?" Na ce lafiya? Ta ce da ta buɗe hannun ta ga layi-layi a kan yatsu uku, jajaye, kamar wanda ya danna waya. Ta tambaye shi, ya ce ƙwallo ne. Ta ce, "Ƙwallona ba shi da waya. Ko mene ne, kada ku hana shi. Ta kusa da ƙarama ta fara miƙewa."

Na kira matar Yaya. Ta ce, "Ni ma na sani. Zanen gadon nan kullum na dawo daga cefane fuskar ciki ce a waje. Yanzu cefanena ya ƙara tsawo, har na fara gaisawa da mutanen da ba na shiri da su."

Na rufe shago na zauna a ciki, ban kunna fitila ba. Mai batir ya leƙo ya ce lafiya? Na ce ido ne ke mini ƙaiƙayi. Ya ce, "Duka biyun?"

Alhamis, da yamma

Yaya ya aiko in zo. Na tarar da amfilifayar ba lulluɓi, jita a cinyarsa, ba ɓoye-ɓoye. Bai amsa gaisuwata da kyau ba.

Ya ce, "Aikin banza kuka yi."

Na ce, "To, Yaya."

"Ba ta dukan ƙirji."

"An faɗa mini."

"Kuma wane mara hankali ne ke sa bolum inda sai mutum ya durƙusa kamar mai neman kuɗin da ya faɗi? Da safe ina so ƙasa-ƙasa. Da yamma kan yana sakina, ina so in ɗan ƙara. Kullum sai na yi rarrafe?"

Na ce laifin Mai Dalma ne, na faɗa masa bai ji ba.

"Ƙarya kake. Ka ce masa ya ciro akwatin, ya sa masa doguwar waya, mai kyau, ba irin ta shagonka ba. A kawo shi nan." Ya daki hannun kujera.

Na ɗauko tef ɗin awo, na zagaya ta damansa zan auna tsawon waya.

Ya ce, "Ina za ka?"

"Nan zai fi maka sauƙin murɗawa."

"Wa ya ce maka sauƙi nake nema? Ɗaya gefen."

Na zagaya hagu. Awon ya ƙi tsayawa. Ya sa yatsu biyu ya danne mini bakin awon a kan kujera, ya ce, "Auna mana, Dillali. Ko shi ma sai an yi maka ciniki?"